Da igiyar shanya na fahimci halittar ɗan tayi

A aji biyu na karatun likitanci, babu darasin da ɗalibai suka fi guna-guni a kansa kamar embiriyoloji, ilimin yadda halittar ɗan tayi take gudana a mahaifa. Yana ƙarƙashin anatomi, ilimin ƙirar jikin ɗan Adam, makinsa bai taka kara ya karya ba, saboda haka akan ajiye shi sai jarrabawa ta ƙarato a yi masa hadda, a zuba a takarda, a manta.

Ban ga laifin ɗalibai sosai ba. Abin da yake motsi ne, yana naɗewa yana juyawa, amma ana koyar da shi da hotuna a tsaye. Malami zai haska hoton ɗan tayi a mako na 3, lokacin yana kamar faifai mai shimfiɗa uku, ya danna na gaba, sai ga shi ya riga ya naɗe. Abin da ya faru a tsakani, kai za ka ƙirƙira a kanka.

Darasin yadda hanjin ɗan tayi yake juyawa ne ya sa muka canza salo, ni da abokan karatuna. Muka kwance igiyar shanya a ɗakin kwananmu muka mai da ita hanji, ɗaya ya riƙe biro a matsayin jijiyar jinin da hanjin yake kewayawa. A mako na 6 cikin ɗan tayi ya yi wa hanji kaɗan, hanta ta cinye wuri, sai hanjin ya fita ya shiga igiyar cibiya, ya juya digiri 90. Wajen mako na 10 ya dawo ciki, ya ƙara 180, jimilla 270, saɓanin tafiyar hannun agogo. Da muka murɗa igiyar da hannunmu, sai muka ga dalilin da ya sa afendis yake sauka ƙasa ta dama, da yadda hanjin da bai gama juyawa ba zai iya murɗewa jariri ya riƙa amai kore. Wannan har yau yana kaina.

Sauran darasin a ɗakin jarirai na same shi, bayan mun fara shiga asibiti. An kawo jaririya da ƙullutu a gadon baya, ƙafafunta ba sa motsi. Mahaifiyarta ta dube ni ta ce, "Likita, wani abu na yi?" Na ce, "A'a Hajiya, ba laifinki ba ne." Bututun da yake zama ƙwaƙwalwa da lakar baya yana rufewa ne wajen kwana na 28, lokacin da mata da yawa ba su ma tabbatar suna da ciki ba; in bai rufe sosai ba ne ake samun irin wannan ƙullutu. Shi ya sa ake son a fara shan folik asid, bitamin da yake rage wannan haɗari, maikirogiram 400 kullum, tun kafin a ɗauki ciki. Mu kuwa matanmu da dama sai ciki ya fito suke zuwa awo.

Ina roƙon malamanmu su riƙa gayyato likitan tiyatar yara cikin ajin nan, ko sau ɗaya a zango, ya nuna wa 'yan aji biyu leɓen da bai haɗe ba da hanjin da ya tsaya a cibiya, ya faɗa musu makon da kowanne ya faru.