Saƙon Godiya Bayan Kammala Digirina a Fannin Ilimin Halittu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya nuna mini ranar da aka yaye mu daga jami'a, bayan na kammala digirin farko a fannin ilimin halittu na aikace, wato reshen bayoloji da ke ɗaukar abin da aka sani game da tsirrai da dabbobi da ƙananan halittu ya kai shi gona da asibiti da masana'antar abinci. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallam. Tun ranar taron saƙonnin taya murna suke ta shigowa, har daga ƙawayen da rabona da su tun sakandare, kuma da yake ba zan iya bin kowa gida-gida ba, na ga ya dace in rubuta godiyata inda kowa zai gani.

Karatun da aka tsara masa shekara huɗu ya kai mu kusan shida. Mun shiga a 2019, annobar korona da yajin aikin malaman jami'o'i suka cinye mafi yawan shekarar 2020, sannan a 2022 muka sake zaman gida na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. A duk tsawon wannan lokaci mutum ɗaya ce ba ta taɓa nuna gajiya ba.

Inna, da ke zan fara, domin da kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa kika biya mini rajista tun daga ajin farko har na ƙarshe. Na san ƙarfe nawa kike tashi ki hura wuta, na san yadda hayaƙin suyar gyaɗa yake sa idanunki ja, na kuma san yadda kafaɗunki suke kwana suna ciwo a ranar da kika matse tunkuza mai yawa. Ba ki taɓa shiga aji ba, amma duk ranar da na dawo hutu sai kin zaunar da ni kusa da kaskon tuya kin ce in faɗa miki abin da aka koya mana, kuma tambayoyinki sun sha tilasta mini komawa littafi. Allah ya saka miki da gidan Aljanna, ya ba ni ikon hutar da ke.

Ina godiya ga Kawu, wanda ya hana ni yin watsi da gurbin da na samu. Likitanci na nema, kamar yawancin waɗanda muka zauna aji ɗaya da su, kuma da sunana ya fito a wannan fanni na yi kwana biyu ina kuka, ina cewa gara in jira wata shekarar. Kawu, ka ce mini in je in yi zango ɗaya tukuna, idan ban ga amfaninsa ba kai da kanka za ka sake saya mini fom. Ban dawo neman fom ɗin ba.

Abin da ya zaunar da ni darasi ne guda na wata malamarmu a aji biyu, kuma ina roƙon Allah ya kai mata wannan godiya. Ta shigo da kwanson wake a hannunta, ta ɓare shi a gabanmu, ta nuna mana ɓarnar tsutsar da ake kira Maruca, wadda idan ta yi ƙamari takan hallaka har kashi 80 cikin ɗari na amfanin gona. Daga nan ta ba mu labarin irin waken SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ta fitar a ƙarshen 2019 a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku. An ɗauko ƙwayar gado guda daga wata bakteriya ta cikin ƙasa mai suna Bacillus thuringiensis aka saka a cikin waken, sai ya zama tsiron da kansa yana samar da sinadarin da ke kashe tsutsar, manomin da ya saba feshi sau shida zuwa takwas a damina ya koma yin kamar sau biyu. Ba ta ɓoye mana cewa akwai masu shakka da masu adawa da irin wannan iri ba, ta kuma ce dalilin da ya sa aka kafa hukumar NBMA, mai sa ido kan halittun da aka sauya wa ƙwayoyin gado, a 2015 ke nan, domin a tantance kafin a saki. Abin da ta nanata shi ne, al'ummar da wake yake cikin abincinta na kullum, daga ƙosai zuwa alala zuwa ɗanwake, ta cancanci samun 'ya'yanta da za su iya bincika irin wannan lamari da hannunsu, su yi wa iyayensu bayani da harshen da suke ji.

Wannan magana ce ta sa da lokacin binciken kammala karatu ya zo, na zaɓi in yi aiki a kan gyaɗa. Akwai wata fumfuna mai suna Aspergillus flavus da ke kama gyaɗa da masara, musamman idan fari ya taɓa amfanin a ƙarshen damina, ko ƙwari sun huda kwanso, ko an shanya a kan tsurar ƙasa, ko an zuba a buhu da sauran danshi. Tana fitar da guba mai suna afilatoksin, wadda ba a ganinta da ido, suya da tuya ba sa kawar da ita gaba ɗaya, kuma cinta a hankali na tsawon shekaru yana daga cikin sanannun abubuwan da ke jawo sankarar hanta. An gano ta ne bayan 1960, lokacin da talo-talo kusan dubu 100 suka mutu a Ingila saboda abincin gyaɗa da aka shigo da shi daga Barazil, kuma a 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a Kenya. Ranar da na karanta cewa idan an matse mai, mafi yawan gubar a tunkuza take zama, wato a ainihin abin da ake murza ƙuli-ƙuli da shi, ban iya barci ba, domin sana'ar da ta kawo ni jami'a nake karantawa.

Ina miƙa godiya ga malamin da ya duba aikina, wanda ya mayar mini da babi na biyu har sau uku, kuma kowane gyara yana tare da dalilinsa a rubuce da jan biro. Amma akwai mutumin da ba a ambaton sunansa a wurin taron yaye ɗalibai, alhali rabin abin da hannuna ya iya a wurinsa na koya, shi ne dattijon ma'aikacin ɗakin gwaje-gwajenmu. Baba, kai ka koya mini dafa abincin da ake renon fumfuna a kai, da giram 200 na dankalin Turawa da giram 20 na sukarin gulukos da garin aga mai daskarar da haɗin a lita ɗaya ta ruwa, sannan a saka a tukunyar tururi a zafin digiri 121 na minti 15. Kai ka riƙe wuyan hannuna ka nuna mini yadda ake buɗe farantin gilashi kusa da harshen wuta ba tare da numfashina ya faɗa ciki ba.

Ba zan manta da makon da wutar lantarki ta ɗauke kwanaki a jere ba. Firjin da na adana samfurana ya daina sanyi, farantan da na yi mako uku ina reno suka cika da wasu halittun da ban shuka ba, ga shi saura ƙasa da wata biyu a rufe karɓar aiki. Na tsaya a bakin teburin ina hawaye. Baba bai ce mini komai ba sai da ya gama kwashe farantan ya zuba a tukunyar tururi, sannan ya ce, "'Yata, gobe ki zo da dankali, da sassafe." Ya zo ranar Asabar da Lahadi, kwanakin hutunsa, ya buɗe mini ɗakin. Bayan kwana biyar fumfunar ta fito da launinta na kore mai ratsin ɗorawa, muka mayar da ita kan abincin da aka haɗa da kwakwa, muka kashe fitilun ɗaki muka haska mata fitila mai hasken ultrabayolet, sai ga wani shuɗin haske ya kewaye wasu daga cikinsu, alamar cewa masu fitar da guba ne. Allah ya sa wannan wahala da ka yi ta zama sadaka mai gudana a gare ka.

Ina godiya ga matan unguwarmu masu sana'ar gyaɗa, ƙawayen Inna, waɗanda suka ba ni samfur kyauta duk da cewa wasunsu sun ji tsoron kada binciken ya ɓata musu kasuwa. Na yi musu alkawarin ba zan rubuta sunan kowa ba, kuma zan dawo in faɗa musu abin da na gani. Na koma, mun zauna a tsakar gidanmu, mun yi maganar shanya a kan tabarma ko tamfol, da tsince ƙwayoyin da suka motse ko suka canza launi kafin suya, da ɗora buhu a kan katako nesa da bango. Wata daga cikinsu ta ce ai ƙwayoyin da ta tsince, awaki take zuba wa, sai na bayyana mata cewa gubar tana iya biyowa ta nono. Na kuma ba su labarin Aflasafe, wanda cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta samar: ƙwayar dawa ce da aka lulluɓe da nau'in wannan fumfuna marar guba, ana watsa kilo 10 a hekta mako biyu zuwa uku kafin fure, sai marar gubar ta riga mai gubar kama wuri.

Ga cibiyar binciken da ta karɓe ni aikin sanin makamar aiki na wata shida, na gode ƙwarai. A can na fara riƙe na'urar ɗiban ruwa ɗigo-ɗigo, na tsamo DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, daga ganye, na kuma ga yadda na'urar PCR take hawa da sauka tsakanin zafin digiri 94 da kusan 55 da 72, har ta mayar da guntun DNA ɗaya kwafi kusan biliyan a zagaye 30. A ganina wannan wata shida ya kamata kowane ɗalibin fanninmu ya riƙe da muhimmanci fiye da komai, domin kayan irin wannan aiki suna da tsada, kuma duk inda mutum zai nemi aiki, ko NAFDAC ce, ko kamfanin iri, ko ɗakin tantance ingancin abinci, za a so a ga abin da hannunsa ya iya. Wata jami'a a can ta zaunar da ni a gaban kwamfuta ta koya mini neman jerin ƙwayoyin gado a rumbun GenBank da kwatanta su da manhajar BLAST, duka kyauta a intanet, kuma har yau ina yin atisaye a kai duk dare.

'Yan ajinmu, musamman waɗanda muka yi karo-karo muka sayi man janareta a makon ƙarshe, da waɗanda suka ba ni aron farantansu bayan sun gama nasu aikin, Allah ya bar zumunci. Yayana da ya riƙa kai ni tasha a kan babur, da ƙannena da suka karɓi aikina na gida, ban manta da ku ba. Wanda duk ya taimaka mini ban ambace shi ba, ina neman afuwarsa.

Yanzu ina jiran kiran hidimar ƙasa, bayan haka kuma ina da niyyar neman digiri na biyu a fasahar sarrafa halittu, a ɓangaren lafiyar abinci, in Allah ya yarda. Ina roƙon addu'arku a kan wannan, ina kuma roƙon duk wanda ya karanta ya sa mahaifina a addu'a, wanda ya kai ni makarantar firamare da hannunsa amma bai ga wannan rana ba. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa.

Wassalamu alaikum.