Daga Houston zuwa bakin Rio Grande: naman da ake gasawa kafin zaɓe

Hanyar da ta tashi daga Houston ta gangara kudancin Teksas ba ta da abin kallo sai nisa. Kusan mil 350 ne zuwa McAllen, garin da ke kwarin kogin Rio Grande, kogin da ya raba Amurka da Meziko. Da zarar an wuce Victoria sai ƙasa ta shimfiɗe, gonakin auduga da na dawa su yi ta wucewa, daga baya su ma su ƙare, a shiga dajin ƙaya da shingen waya da shanu jefi-jefi. A watan Oktoban 2024 na bi ta, ana saura 'yan makonni zaɓen shugaban ƙasar Amurka. Wani abokin aikina ɗan asalin yankin ne ya gayyace ni gonar kawunsa da ke arewa da Edinburg, inda za a yi pachanga. Haka suke kiran taron da ɗan takara ko wani mai goya masa baya ke haɗawa: a gasa nama, a yi kiɗa, a ci a sha, sannan a yi maganar ƙuri'a.

A garin Alice muka tsaya shan mai. Ƙaramin gari ne, ba abin da zai sa baƙo ya waiwaya, amma abokina ya ce in dube shi da kyau, don a nan aka shafa wa yankinsu baƙin fentin da har yau bai fita ba. A 1948 Lyndon Johnson, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, yana neman tikitin Dimokurat na kujerar sanata, an gama ƙirga yana baya, sai bayan kwanaki aka ce an gano ƙarin ƙuri'u kusan 200 a akwati mai lamba 13 na wannan gari, kusan dukkansu nasa. Ya ci da ratar ƙuri'a 87 a duk faɗin jihar. Wanda ake dangantawa da wannan aiki shi ne George Parr, uban gidan siyasar gundumar Duval da ke maƙwabtaka. Zamanin ne da ake biyan harajin jefa ƙuri'a a Teksas, daga 1902 har 1966, kuma masu manyan gonaki kan biya wa leburorinsu, su kwaso su a mota, su nuna musu inda za su dangwala. Abokina ya ce: "Ka lura, masu akwatin ba kakannina ba ne. Kakannina su ne ake lodawa a bayan mota. Amma yau idan za a ba da labarin, mu ne ɓarayin."

Daga Alice muka kama hanya mai lamba 281 muka miƙe kudu. Bayan Falfurrias akwai shingen jami'an tsaron iyaka, amma masu komawa arewa kaɗai ake tsayarwa, don haka muka wuce muna kallon layin motoci a ɗaya hannun. La'asar ta yi sanyi muka sauka daga kwalta muka bi wata hanyar tsakuwa. Tun daga nesa hayaƙin icen mesquite ya tarbe mu.

Motocin a-kori-kura sun cika bakin shinge. A ƙarƙashin wata doguwar rumfar kwano an jera tebura, maza suna kewaye da manyan tukwanen gashi da aka yi da ganga, suna juya naman saniya da kaji. Gefe guda ga shinkafa, ga wake, ga gurasar masara da ta alkama, ga wata gurasa mai kauri da makiyaya ke gasawa a kaskon ƙarfe, suna ce mata pan de campo. Matar kawun, da ta ji ni Musulmi ne, ba ta jira na yi tambaya ba. Ta janye ni ta ce, "Ɗana, kada ka taɓa waken nan, akwai naman alade a ciki. Gurasar alkamar ma da kitsensa aka murza ta." Ta zuba mini shinkafa da gurasar masara, ta sa aka wanke wani ƙarfe daban aka gasa mini nawa. Giya kuwa tana nan cike da akwatunan ƙanƙara, ba wanda ya ɓoye ta, ba kuma wanda ya damu da na ɗauki lemo.

Tsofaffin wurin sun ce a da pachanga ta maza ce zalla. Ana yin ta da dare a can cikin gona, a yanke shawarar wanda za a bi, mata su ji labari da safe. Yanzu ta canza. Rabin mutanen da na gani mata ne, yara suna ta guje-guje tsakanin tebura, makaɗa huɗu suna jan akodiyan da wata babbar gita mai tsirkiya 12, irin kiɗan conjunto da ya girma a wannan kwari tun shekarun 1930. Da suka tsagaita, sai 'yan takara suka fara karɓar makirufo ɗaya bayan ɗaya. Ba manya ba ne: mai neman kujerar hukumar makarantu, mai neman alƙalancin ƙaramar kotu, mai neman shugabancin 'yan sandan yanki, duk muƙaman da a Teksas sai an zaɓe ka. Kowa ya fara da faɗin sunan iyayensa da unguwar da ya tashi, yana shiga Sifaniyanci yana fita Turanci a jimla guda.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne bayan jawabin. Ɗan takara ba ya da inda zai gudu. Na ga wata mata ta tare ɗaya daga cikinsu da faranti a hannu, tana tambayarsa yaushe za a haƙa magudanar ruwa a unguwarsu, ɗaya daga cikin unguwannin nan da ake kira colonias, waɗanda aka yanka filaye aka sayar wa talakawa ba tare da kwalta ko lambatu ba. Ta tuna masa alƙawarin da ya yi a wannan rumfar a zaɓen da ya wuce, a gaban mutanen da suka san mahaifiyarsa. Ya yi ta share gumi. Ban san wani zauren muhawarar talabijin da zai matse ɗan siyasa haka ba.

A teburin da na zauna kuwa zancen shugaban ƙasa ake yi, kuma ba baki ɗaya ba. Wani direban babbar mota yana kukan tsadar kayan abinci. Wani yana da 'ya'ya biyu a aikin tsaron iyaka, ya ce a yankin nan ba aikin da ya kai shi albashi da inshorar lafiya, don haka duk wanda ya zagi jami'an ya zagi gidansa. Wani yana aiki a rijiyoyin mai, yana tsoron a rufe su. Wata malamar makaranta ta ce su duka sun manta wanda ya kira mutanen Meziko masu laifi a 2015, wato Donald Trump. Aka yi ta cacar baki, aka kuma ƙara nama.

Ana cikin haka wasu 'yan jarida biyu daga wata kafa ta nesa suka iso da kyamara. Na bi su da ido. Sun ɗauki akwatunan giya, sun ɗauki huluna masu faɗi, sun ɗauki hannun mai akodiyan, sun sa wani dattijo ya ɗaga gurasa ya yi murmushi. Tambayar da na ji sun yi wa kawun ita ce wa ya biya kuɗin naman, kuma me ake sa ran mutane za su yi bayan sun ci. Ba su kai ga teburinmu ba. Kafin matar nan ta tare ɗan takararta, sun riga sun tafi.

Tambayar wa ya biya ba laifi ba ce, aikin ɗan jarida ne. Abin da ke ci wa mutanen nan tuwo a ƙwarya shi ne inda ake yin ta da inda ba a yi. Duk shekarar da ake shirin zaɓe 'yan takara kan yi tururuwa zuwa bikin baje kolin jihar Iowa, su riƙe tsiren alade a gaban kyamara, a rubuta cewa sun sauko sun haɗu da jama'a. Sanata Tom Harkin ya shafe shekaru yana gasa nama a Indianola har zuwa 2014, Barack Obama ya je a 2006, kuma ana ba da labarin a matsayin matakin farko na tafiyarsa. Ɗan majalisar wakilai Jim Clyburn yana soya kifi kyauta a South Carolina, a 2019 'yan takarar Dimokurat kusan 20 suka yi layi a wurinsa. A Fancy Farm ta jihar Kentucky, cocin Katolika ke shirya gashin rago da jawaban siyasa tun ƙarni na 19. Duk waɗannan sunansu al'ada. Idan aka gangaro bakin Rio Grande, wuta ɗaya da nama ɗaya, sai rahoto ya koma ɗayan biyu: ko dai abin kallo mai launi da kiɗa, ko kuma alamar cewa ana sayen talakawan da ba su san ciwon kansu ba. Mu da muka taso inda ba a tara mutane a sallame su da yunwa, mun san bambancin ciyar da baƙo a tsakar gida da cusa wa mutum kuɗi a layin zaɓe.

Na biyun ma yana faruwa a nan, kuma ba wanda ya musa mini. Wata tsohuwa da abokina ke kira inna ta yi shekaru tana aikin politiquera, matan da 'yan takara ke biya su zaga gida-gida, su yi wa mutane rajista, su kai tsofaffi rumfar zaɓe. Ita da kanta ta kawo zancen garin Donna, inda hukumar FBI ta kama wasu mata suka amsa laifin ba mutane kuɗi da giya da sigari a zaɓen hukumar makarantu na 2012. Ta ce sun ci amanar sana'ar. Amma ta ce in yi tunani: mai sayen ƙuri'a zai kira makaɗa da mutum ɗari uku su shaida? A ɓoye ake yin wannan, a bakin ƙofa, da takardar zaɓe ta gidan waya. Ita dai abin da ta sani shi ne akwai tsofaffin da ba su da mota, ba sa jin Turanci, kuma in ba ta je ba, ba wanda zai je. Ta daina ne bayan dokar zaɓe ta 2021 ta tsaurara hukunci a kan masu taimaka wa wasu da takardunsu. Sannan a watan Agustan 2024 jami'an babban lauyan jihar, Ken Paxton, suka kai samame gidajen wasu 'yan ƙungiyar LULAC a wajen San Antonio da sunan binciken maguɗi, ciki har da wata mai shekara 87. LULAC ɗin nan, ƙungiyar kare haƙƙin 'yan Latino, wato Amurkawa 'yan asalin Latin Amurka, tun 1929 aka kafa ta a Corpus Christi. Inna ta ce daga ranar ƙawayenta da dama suka ajiye aikin.

Akwai kuma wani nau'in rainin da ba na zargi ba, na mayar da mutane abinci. A 1976 Shugaba Gerald Ford ya je San Antonio ya gatsa tamale, wani abinci mai kama da alala da ake naɗewa a ɓawon masara, ba tare da ya cire ɓawon ba, har yau ana ba da labarin. A 2022 Jill Biden, matar shugaban ƙasa na lokacin, ta kwatanta bambancin 'yan Latino da tacos ɗin karin kumallo na garin, wato gurasar da ake naɗe ƙwai ko nama a ciki, ƙungiyar 'yan jaridar Latino ta mayar mata da martani cewa su ba tacos ba ne, ofishinta ya nemi afuwa. Irin waɗannan kan cinye kwanaki a labarai, alhali zancen lambatu da harajin gida da albashi bai samu minti ɗaya ba. Gidajen rediyon yankin da jaridar The Monitor ta McAllen sun san waɗannan batutuwa, amma ba su ake ji a Washinton ba.

Washegari muka bi hanya mai lamba 83 yamma zuwa Rio Grande City da Roma, a gundumar Starr, inda kusan kowa ɗan asalin Meziko ne. A Roma akwai wani tudu da ke kallon kogin. Daga nan ana hango gidajen Miguel Alemán a ƙetare, har ana jin kiɗan motocinsu. Iyalai da yawa a nan sun riga iyakar zuwa: yarjejeniyar 1848 da ta kawo ƙarshen yaƙin Amurka da Meziko ce ta same su a gonakinsu ta mayar da su Amurkawa. A bakin hanya allunan Trump sun fi yadda na zata yawa, wasu a jikin shingen gidajen da ke ɗauke da allon ɗan takarar Dimokurat na ƙaramar kujera.

Alkaluman sun riga sun nuna inda aka dosa. A 2016 Hillary Clinton ta ci Starr da ratar maki kusan 60. A 2020 ratar Joe Biden ta dawo 5, maƙwabciyarta Zapata kuma ta koma hannun Trump. A 2022 Mayra Flores, haifaffiyar Meziko, ta ci zaɓen cike gurbi na majalisar wakilai a tutar Rifablikan. Da aka zo Nuwamban 2024, Trump ya ɗauke Starr, abin da ɗan Rifablikan bai yi ba fiye da shekara 100, ya haɗa da gundumomin Hidalgo da Cameron da Webb. Manyan kafafe suka kira shi girgizar ƙasa. Duk dalilan da suka zo suna lissafawa daga baya, na ji su a teburi ɗaya a daren nan, taku kaɗan daga inda aka kafa kyamara.

A hanyar komawa muka shiga layin shingen Falfurrias. Kare ya zaga motar, jami'in, wanda sunan da ke ƙirjinsa na Sifaniyanci ne, ya duba takarduna ya ce mu sauka lafiya. Bayan zaɓe da 'yan kwanaki abokina ya shigo ofis yana dariya. Wai wata kafa ta kira kawunsa tana neman ya tara mata masu zaɓe su bayyana abin da ya faru, kuma in da hali a kunna wutar gashin, a zo da huluna.