Abin da furojet ɗina ya koya min tsakanin Kufena da Kubanni

A aji an koya mana cewa amfanin da daji da dutse da ruwa ke yi wa mutum kashi huɗu ne, haka wani babban rahoto da Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa aka yi ya raba su a 2005. Akwai abin da ake ɗiba kamar itace da kifi, akwai aikin da ido baya gani kamar tace ruwa da riƙe ƙasa kar ta zaizaye, akwai nishaɗi da tarihi, sai kuma tushen duka wato yadda ƙasa ke farfaɗo da kanta. Toh furojet ɗina na ƙarshe, wato binciken kammala karatu a Jami'ar Ahmadu Bello (ABU), shine in ji wanne daga cikin huɗun nan mutane suka fi gani a wuraren shaƙatawa na Zariya, sai na ɗauki Dutsen Kufena da dam ɗin Kubanni na Samaru.

Masu zuwa buɗe ido amsarsu kusan ɗaya ce, iska, hoto, a hau sama a hango gari, wani ya kawo labarin Sarauniya Amina. Ka tambaye su aikin bishiyoyin gindin dutsen sai su ce inuwa, shikenan. Kuma yawancinsu ƴan boko ne fa, ɗalibai irina.

Inda na ƙaru na gaske wajen mutanen da ke zaune a gefen wuraren ne. Wani dattijo manomi ta wajen Wusasa, na gaishe shi nace Baba me yasa aka bar gawo a tsakiyar gona aka sare sauran, yace yaro ai gawo ba a taɓa shi, da damina yake zubar da ganye don haka baya tare wa dawa rana, ganyen ya ruɓe ya zama taki, da rani kuma ƴaƴansa abincin awaki ne, ka duba dawar da ke gindinsa ka gwada da ta can nesa. Wallahi mu sai da aka zana mana a allo yadda saiwarsa ke tara naitirojin, wato sinadarin da ke ƙara wa ƙasa ƙarfi, kafin muka gane. Ya kuma nuna min wani kwazazzabo da ke cin gona, yace tun da aka share bishiyoyin gangaren ruwa ke saukowa da ƙarfi ba abin da ke tare shi. Mata kuma lissafinsu daban ne, kalwa ta daddawa daga ɗorawa, miyar kuka, man kaɗe, sun san wace bishiya ce ta rage haihuwa da wadda aka sare bara. A Kubanni masu kamun kifi da bakinsu suka ce in anyi ruwan sama dam ɗin ja yake zama saboda noma ya iso har baki an cire ciyawar da ke tare laka, lakar ce ke cika shi a hankali.

Sun san duk wannan amma ana ci gaba da sara. Na daɗe ina juya abin a raina. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 komai ya tashi, gas da kananzir sun fi ƙarfin gidaje da yawa, buhun gawayi ya zama kuɗi a hannu, kuma su wa ke saye? Mu ne ƴan cikin gari, Sabon Gari da Tudun Wada da Samaru, mu da muke hawa dutse ranar Asabar muna cewa ƙauyawa na ɓata wuri. Shiyasa in naga furojet ya ƙare da "a wayar da kan mazauna yankin" raina baya so, domin a abin da na gani baƙon ne yafi buƙatar a wayar masa da kai, mazaunin kuwa abin da ya rasa shine rabonsa a cikin amfanin wurin.

Ko a Yankari haka abin yake, baƙo yazo yayi wanka a ruwan ɗumin Wikki yaga giwaye ya tafi, manomin da ke maƙwabtaka da dajin shi giwar ke shigar wa gona. Sannan ga Kamuku a Birnin Gwari da ya zama gandun dajin ƙasa a 1999, rashin tsaro ya hana baƙi zuwa, in da yawan masu sayen tikiti ake auna darajar daji toh yanzu Kamuku bashi da wata daraja kenan, alhali yana nan yana riƙe ƙasa yana ciyar da rafuka.

Shawarwarin da na rubuta a babi na biyar na furojet ɗin kaɗan ne. Matasan unguwa su zama ƴan rakiya a Kufena ana biyansu, a bar ɗan fili na ciyawa tsakanin gona da bakin dam amma a zauna da manoman a sasanta asarar da za su yi, in kuma za a raba dashe a tambayi mata tukuna. Da na tambaye su ɗorawa da kaɗanya da tsamiya suka ce suna so, ko da sun san sai an yi shekaru kafin su fara haihuwa, ba wadda ta ambaci bishiyar turare.