Yadda na haɗa laburaren .a da hannuna a Linux

Akwai wasu 'yan fankshin na C da nake ta kwafa daga wannan aiki zuwa wancan, na lissafin kwanan wata da na gyaran rubutu, sai na ga gara kawai in tara su wuri ɗaya. Haɗawar ba wuya wallahi. gcc -c kwana.c rubutu.c ya fitar min da kwana.o da rubutu.o, wato kod ɗin da aka juya zuwa harshen na'ura, na bi da ar rcs libkayana.a kwana.o rubutu.o shi ke nan laburare ya samu. Wannan s ɗin na ƙarshe shi ke rubuta jerin sunayen da ke ciki don linka, wato manhajar da ke haɗa fayilolin .o su zama program, ya gano su, aikin da umarnin ranlib ke yi kenan. Asali ma .a ɗin jaka ce kawai da aka zuba fayilolin .o, ar t zai nuna maka su.

Inda aikin yake shi ne wajen linkin. Da na zo haɗa laburaren da main.o, fayil ɗin program ɗina, gcc -L. -lkayana main.o ya ƙi, sai undefined reference yake ta jero min alhali nm, umarnin da ke jero sunayen da ke cikin laburare, na nuna T a gaban sunan fankshin ɗin, wato yana nan a ciki. Ashe linka na GNU daga hagu zuwa dama yake bi, in ya iso laburare abin da aka riga aka nema kawai zai ɗauka ya wuce, ba ya waiwaye, to a lokacin bai ga main.o ba tukuna balle ya san me ake so. Ina mayar da -lkayana ƙarshe komai ya tafi daidai. In laburare biyu ke neman juna kuma sai --start-group da --end-group.

Abin da ya fi burge ni, ba duka jakar yake kwashewa ba, .o ɗin da ake buƙata kaɗai yake jawowa, amma fa gaba ɗayansa, ko fankshin ɗaya ka kira. Tun daga nan nake rarraba kod ɗina ƙananan fayiloli.

A kula, in akwai libkayana.so, wato irin laburaren da program ke ɗauka lokacin da yake gudana, a folda ɗaya ita linka zai zaɓa, sai ka sa -static ko ka rubuta sunan .a ɗin kai tsaye. Kuma ranar da na gyara wani bog a kwana.c tsofaffin program ɗina ba su san an yi ba, tunda kowanne na ɗauke da nasa kwafin, sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya na sake linkin.