Wasiƙa daga Manchesta: "To, na nawa ya zo?"

Assalamu alaikum jama'ar Jos, na Anguwan Rogo da Gangare da Rikkos har su Bukuru. Muna lafiya, yara ma lafiya, sauran gaisuwa a ajiye min sai mun haɗu.

Tambayoyi uku ne ba sa ƙarewa a wayata: sanyi, kuɗin haya, da karatun yara. Ta haya sai a wata wasiƙar in Allah ya yarda, yau bari in fara da ta ukun, don ita Hajiyarmu ke maimaitawa duk ƙarshen zango: "To, na nawa ya zo?" Da na ce mata a nan ba a yin na ɗaya da na biyu a firamare, cewa ta yi wannan wayon iyayen da ɗansu ya zo na ƙarshe ne. Yayata, wadda ta daɗe tana riƙe alli, ita kuma ta ce in dai babu matsayi, ta ina uwa za ta gane ana karatu? Tambayar Yaya nake son amsawa.

Ta takarda ake ganewa, Yaya, kuma takardar ba ta da iyaka. Kowane ƙaramin yaro yana da 'yar jakar littafi ban da ta abinci. A ciki akwai littafin karatu daidai ƙarfinsa, da wani ɗan littafin rajista da za ki rubuta shafin da ya tsaya da kalmar da ta ba shi wuya, ki sa hannu. Malama ta duba, ta rubuta nata a ƙasa. In aka kwana biyu ba ki sa hannu ba, za ki ga ta zana 'yar fuska mai murmushi ta rubuta cewa suna marmarin jin labarin karatun gida. Faɗa ne fa, da murmushi kawai ake yin sa. Farkon kowane rabin zango kuma takarda ɗaya ce ke zuwa ɗauke da duk abin da za a koya: lissafi kaza, kimiyya kaza, tarihi kaza. Ranar Juma'a ga wasiƙar hedimasta ta imel. A tsakani ga manhajar ClassDojo tana ƙara a waya, yau hoton yara suna auna ruwa da kofi, gobe an ba ɗanki maki saboda ya taimaki wani.

Wannan duk da sauƙi. Inda kai ke ɗaukar zafi shi ne takardun izini. Za a kai su gidan tarihi, sa hannu. Za a ɗauki hotonsu, sa hannu, kuma ki fayyace ko kin yarda a liƙa a bango, ko a sa a shafin makaranta, ko ba ko ɗaya. Abin da yaro ba ya ci, takarda. Wanda zai ɗauko shi in ba ki samu zuwa ba, takarda, wani lokaci har da kalmar sirri, kamar ba maƙwabciya ce kawai za ta riƙo hannunsa ba. Kuɗin abinci da na tafiya ba a ba yaro a hannu, sai ta wata manhajar daban mai nata lambobin sirrin. Akwai ranar da za a zo ba kayan makaranta amma da fam ɗaya na taimako. Akwai Ranar Littafi ta Duniya a watan Maris, da ake so yaro ya yi shigar wani da ke cikin labari, ke kuma ki kwana kina yanka kwali. Akwai wasiƙar ƙwarƙwata, wadda ke zuwa wa kowa da kowa ba tare da an ambaci mai ita ba, ranar kuwa duk uwa sai ta tsefe kan 'yarta. Saƙon da ya fi muhimmanci, wanda ke cewa mako mai zuwa za a fara rabawa a lissafi, yana nan a maƙale tsakanin cigiyar rigar sanyi da tallar kek. Ni dai a ganina sun yi yawa, rabinsu ya isa.

Masu jin haushin ba mu zo biki ba, ga dalili. Tun daga Agustan 2024, in ka cire yaro daga makaranta ba izini ana cikin zango, tarar fam 80 ce a kan kowane yaro, kuma uwa daban uba daban. In kwana 21 suka wuce ba ka biya ba ta koma 160. Ku lissafa da yara biyu, ku ɗora kuɗin jirgi. A riƙa sa ranar biki a Agusta, don Allah.

Sanyi kuwa, mu 'yan Jos da muke yi wa Kanawa dariya in sun zo da hunturu, a nan bakinmu ya mutu. Abin da ya fi damuna ma duhu ne, don a Disamba kafin ƙarfe huɗu an yi magariba, da fitilun titi ake ɗauko yara.

In aka tsince tarkacen da ke cikin takardun makarantar nan, abin da ya rage yana da amfani ƙwarai: a kowane mako na san abin da ake koya wa ɗana, kuma na san inda ake so ya kai. A ƙarshen aji ɗaya, cikin watan Yuni, ana gwada kowane yaro da kalmomi 40 ya karanta wa malamarsa. Rabinsu ba su da ma'ana, ƙirƙirarsu aka yi aka sa hoton dodo a gefe, don a gane ko yaro yana haɗa sautin baƙaƙe ne ko hadda kawai ya yi. An saba neman yaro ya karanta 32 daidai. A aji huɗu akwai gwajin sau a kwamfuta, tambaya 25, kowace daƙiƙa 6, har zuwa sau 12. Tun kafin lokacin gwajin kalmomin, makarantar yarana ta tara mu ta nuna mana yadda abin yake, aka ba mu jerin sautukan mu liƙa a jikin firij. Don haka da malama ta ce min ƙaramin yana rikita sautuka biyu, na san waɗanne ne, muka riƙa yin su a hanyar zuwa makaranta. Da cewa ta yi ya zo na 17, da ban san me zan yi da wannan lamba ba, sai dai faɗa.

Ana kuma kiran iyaye ganawa, yawanci sau biyu a shekara, kowa minti goma, da agogo a kan tebur. Littattafan yaro suna jere a waje ki duba kafin a kira ki. A nan ne na ga aibinsu. Malaman nan ba sa iya faɗin magana mai ɗaci. Takardar sakamako ta ƙarshen shekara hawa uku take nunawa: yana kan hanya, ya kai inda ake so, ko ya zarce. Uwar da ba ta san dawan garin ba sai ta ji "yana kan hanya" ta yi hamdala, alhali nufinsu an bar shi a baya. Sai kin tsare malama da tambaya, kin ce a cikin abin da ake so ya iya yanzu me ya rage masa, sannan take fitowa fili. A nan malamanmu na gida sun fi su, in yaro ba ya ja za su faɗa miki ba kwana-kwana.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne wannan duka ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wace uwa ce a Gangare ba ta san surar da ɗanta yake ba? Ta san yana babbaƙu ko ya shiga farfaru, ta san ranar da ya wanke allo aka yi masa ƙari, ta san izu nawa ya rage a yi sauka, ko kuɗin Laraba za ta aika sai ta tambayi malam yaya yaron. Maƙwabtanmu Kirista ma suna tambayar ayar haddar makarantar Lahadi. Amma da an zo boko sai mu saki, mu jira katin sakamako sau uku a shekara, mu duba lamba ɗaya mu ninke. Taron iyaye da malamai kuma, ku gaya min gaskiya, yaushe rabon da a tashi ba a kan kuɗin katanga ko na benci aka ƙare ba? Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma dole, amma doka ba za ta buɗe jakar yaro da daddare ba.

Na san abin da Yaya za ta ce. A nan ajin ƙanana doka ta hana ya wuce yara 30, sau da yawa kuma da mataimakiya. Ita kuwa ajinta ya ninka haka, albashi sai ya ga dama, data da kuɗinta take saye. Ba zan ce ta rubuta wa kowace uwa wasiƙa ba. Amma da ni ce, ranar Juma'a sai in rubuta layi uku a allon aji, yara su kwafa a bayan littafinsu: abin da muka yi wannan mako, abin da za mu yi mako mai zuwa, da abu ɗaya da za a tambayi yaro a gida. Uwar da ba ta yi boko ba yaron ya karanta mata, wannan ma karatu ne, ta dangwala yatsa ko ta sa hannu da ajami. Inda akwai zauren WhatsApp na aji, saƙon murya na minti ɗaya da Hausa ya wadatar, da sharaɗin a kulle zauren malama kaɗai ke magana, in ba haka ba kafin Asabar tallar atamfa da "tura wa mutum goma" sun binne shi.

Iyaye kuma, in kun je karɓar sakamako wannan zangon, ku ce a nuna muku littafin aikin yaron, ku buɗe shafin farko da na ƙarshe a gaban malama. Hajiya, ke ma in kin kira ranar Lahadi ki ce babban ya kawo miki sau bakwai, nan yake tuntuɓe.

Taku,
'yar Anguwan Rogo a Manchesta