Talata: ɗigon da ke tsakanin 4 da 7

Da safe aiki ya tafi lafiya lau. Amfilifaya biyu, duka fiyus ne kawai.

Da rana Auta ya dire min sifikar Kawu a tebur, tuwitarta, wato 'yar ƙaramar sifikar da ke fitar da siririn sauti, ta sake mutuwa, karo na biyu cikin wata guda. Na ɗora mata mita. Tuwita mai om 8, in lafiyarta ƙalau, takan nuna wajen 6. Wannan ko motsi mita ba ta yi ba, kwayil ɗin, wato naɗin wayar da ke cikin tuwitar, ya tsinke. Sai na leƙa kafasitar da ke gabanta, na ga 47 µF. Ta asali 4.7 ce.

"Auta, wa ya sa wannan?"

"Ni ne, Yaya. Na ga lambar ɗaya ce, kuma babbar za ta fi ƙarko."

Tun lokacin abin yake cin raina. Wannan 'yar kafasitar ita kaɗai ce kurosobar sifikar. Aikinta ta tare bes, ta bar siririn sauti ya wuce. A 100 Hz, wato cikin bes, 4.7 µF tana tsaya wa siginal da kusan om 340, sai ɗan kaɗan ke isa tuwita. A 4,200 Hz turjiyarta ta sauko zuwa om 8, hanya ta buɗe. Da aka sa 47 µF, ƙofar ta koma wajen 420 Hz, ƙasa da inda yawancin tuwitoci ke da rawar kansu, wato sautin da fatarsu ta fi saurin girgiza a kansa. Wayar kwayil ɗin siririya ce kamar gashi, kuma tazarar da fatar za ta iya kai da kawowa 'yar ƙanƙanuwa ce. Ƙarfin kiɗa kuwa yawancinsa a ƙasa yake. Zafi ya narkar da gam, girgiza ta ƙarasa sauran.

Ko 4.7 ɗin ma ba ta gama gamsar da ni ba. Kafasita ɗaya 6 dB kawai take ragewa duk lokacin da mitar sauti ta sauka da rabi, kuma a wurin rawar kai turjiyar tuwita kan yi sama, kariyar ta yi rauni daidai inda aka fi bukatarta. Don haka na ƙara wani kwayil daban mai 0.6 mH, ƙafa ɗaya bayan kafasitar, ɗayar a nagatif. Yankan ya zauna wajen 3,000 Hz, ragin ya zama 12 dB. Kafasitar marar fuska na sa, mai 100 V, ba irin mai alamar + da − ba. Na gwada juya wayoyin tuwitar, muryar mawaƙi ta fi cika a juye, na bar su haka.

Auta bai ƙara magana ba har muka tashi. Ina ganin na ɗaga masa murya fiye da kima, alhali ɗigon da ke jikin tsohuwar ya goge, ni ma sai da na haska fitila na gan shi.

Dalma ta kusa ƙarewa. Gobe sabuwar tuwitar za ta yi awa biyu tana kiɗa a hankali kafin Kawu ya ɗauka.