Karatuna na 2024, tsakanin keken ɗinki da ɗauke wuta

Ni tela ne a Kano, kuma in aka ce 2024 abin da ke fara zuwa raina ba littafi ba ne gaskiya, kuɗin fetur ne da kuɗin kwanon masara. Amma da na zauna ina tuna yadda shekarar ta wuce sai na ga ashe tun da na bar sakandare ban taɓa karatu kamar na shekarar ba, kuma ba wai na zama ɗan boko dare ɗaya ba ne, a'a, rashin wuta ne ya zaunar da ni. Injin surfani ba ya motsi sai da wuta, janareto kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya zama sai ta kama dole, kafin ka ja igiyarsa sai ka yi lissafi ko kuɗin ɗinkin zai biya man da zai sha. To babu wuta babu mai me za ka yi? Wasu su miƙe a kan teburin yanka su yi barci, wasu su kama musun ƙwallo har a kira la'asar, ni kuma na koma karatu.

Da waya na fara. Uwargida ce ta ja ni, ita dama tana cikin gurup-gurup ɗin nan na WhatsApp da marubuta ke sakin littafi shafi-shafi, a ba ka na farko kyauta, sai labari ya ɗauko daɗi a ce daga nan kuma na kuɗi ne, ka tura ɗari biyar ko dubu ka nuna shaidar biya a saka ka a wani gurup ɗin. Ban raina sana'ar ba wallahi, ai da can ma haya muke karɓo littattafan soyayya a shago mu karanta a ɓoye cikin littafin lissafi, yanzu dai shagon ne ya koma cikin waya. Kuma akwai masu alƙalami a cikinsu sosai, musamman mata, wanda ke bin gasar Hikayata da BBC Hausa ke yi tun 2016 ya san haka. Matsalata da su ɗaya ce, jan labari. Abin da za a gama a shafi talatin sai a kai shi ɗari da wani abu saboda kada masu biya su watse, yarinya ta yi kuka a babi na goma, ta sake yin kukan a na ashirin, mijin nan dai bai gane gaskiya ba har yanzu, kishiya na ta zuwa gidan boka. Ga caji. Kana tsakiyar karatu waya ta mutu, ka kai ta shagon masu caji ka biya, ka dawo ka tarar an sako shafuka biyar da surutun mutane ɗari a tsakani.

Azumi ya kama a watan Maris, lokacin zafin nan da ko fanka ta juya iska mai zafi take kaɗo maka. Duk tela ya san watan nan ba na karatu ba ne, ɗinkin sallah ne, shadda da yadi da atamfa sun cika shago har ba wajen taka ƙafa, kowa na cewa nasa na gaggawa ne, wanda ya kawo ana saura kwana uku sallah shi ya fi kowa faɗa. Ido na kan allura, hannu na kan ƙyalle, kunne ne kawai ya rage. Sai muka riƙa kunna tafsiri a rediyo da daddare bayan tarawi, da rana kuma yaran shago su kunna masu karanta littafi a YouTube ɗin da suka sauke a waya. A nan na yarda cewa saurare ma karatu ne, duk da da can ina ganin kamar ragwanci ne. Ai mu dama haka muka taso, a makarantar zaure malam ke jan baƙi yana fassarawa kana bi, Ahalari da Ishmawi da Iziyya duk ta kunne suka fara shiga kafin ido ya san su. Amma fa ba kowane littafi ke jure saurare ba, wanda marubucinsa ya cika kame-kame tun a minti goma za ka ji yaro ya ce oga a canza.

Bayan sallah na je gida gaida Hajiya, ta sa ni in fito mata da wasu takardu daga akwatin ƙarfen marigayi Baba, a ƙasan akwatin na ci karo da littattafansa ɗaure da igiyar leda. Magana Jari Ce na ɗaya da na biyu, Ruwan Bagaja, Shaihu Umar. Takardar ta koma ruwan ƙasa, gara ta ɗan ci gefen guda, warin kafur da tsohuwar takarda duk ya kama su, a bangon ciki Baba ya rubuta sunansa da biro shuɗi da boko sannan da ajami a ƙasa. A jikinsu an buga NNPC Zariya, wato kamfanin buga littattafai na Arewa, ba na masu mai ba, yaron shagona da ya gani cewa ya yi ashe su ma suna sayar da littafi. Na ce wa Hajiya zan tafi da su, ta ce tafi da su mana, ni me zan yi da su, amma kada ka bari yaranka su yage.

Waɗannan littattafan su suka riƙe ni sauran shekarar. Na san su a makaranta, amma karatun jarabawa daban ne, lokacin burinka kawai ka haddace sunan wanda ya ce kaza ga wane. Yanzu da na karanta da hankalin babba sai na ga Abubakar Imam ba ya ɓata kalma, labari ya shigo ya yi aikinsa ya fita, akun nan na Magana Jari Ce ya gama wani ya ɗauko wani, kafin ka ankara an kira magariba. Irin ɗinkin da ba ka ganin inda aka haɗa ke nan. Kuma abin mamaki, Ruwan Bagaja da Shaihu Umar duk daga gasa ɗaya suka fito, wadda wani Bature, Rupert East, ya shirya a Zariya a 1933, a lokacin Imam saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai yana koyarwa a Katsina. Shekara casa'in ke nan, amma Hausar ba ta tsufa ba, sai dai wata kalma jefi-jefi da sai na tambayi Hajiya.

Ranar 1 ga Agusta aka fara zanga-zangar tsadar rayuwa, abin ya rikice a Kano har gwamnati ta sa dokar hana fita ta awa 24. Shago a rufe, yara a gida sun ishi kowa, babu wuta balle talabijin. Da yamma na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na ɗauko Ruwan Bagaja na fara karanta musu da ƙarfi, ina zaton minti biyar za su watse. Ina! Da aka zo kan Malam Zurƙe da irin ramuwar gayyar da suke yi da Alhaji Imam, ƙaramar har da faɗuwa don dariya, babban kuma ya riƙa cewa Abba a sake wajen nan. Hajiya tana wajenmu a kwanakin, tana gefe da carbinta kamar ba ta ji, can sai ta ce kai ɗan nan, karanta a hankali mana, ubanka ba haka yake karanta shi ba, kana gudu kamar ana binka bashi. Na rage gudu. Kuma gaskiyarta, labarin da aka rubuta da bakin mai ba da labari sai an ja shi a hankali an ba kowane mutum muryarsa. Daga nan abin ya zama al'ada, ba kullum ba dai, amma duk daren da ba wuta sai wani ya ɗauko littafin ya ajiye mini a cinya.

Sai Oktoba, da aka shiga duhun nan da ya game Arewa sama da mako guda, bayan an lalata layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna sannan ɗaya layin da ke kawo mana ta Binuwai shi ma ya samu matsala. Litar fetur ta haura dubu a lokacin, ƙanƙara ta zama abin masu kuɗi, masu niƙa sun ƙara kuɗi, mu kuma sai keken ƙafa kawai. A wannan duhun na karanta Shaihu Umar da 'yar fitila mai batir. Littafi ne ƙarami, amma ya fi duk sauran yi mini nauyi. Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya rubuta shi tun yana malamin makaranta, shekaru da yawa kafin ya zama Firayim Minista, labarin yaron da aka raba da uwarsa zamanin cinikin bayi aka ƙetara Sahara da shi, uwar kuma ta bi sawunsa tana nema. A makaranta mun ɗauke shi tarihi ne, abin da ya wuce. Amma a shekarar da aka kwashe ɗalibai a Kuriga ta jihar Kaduna cikin watan Maris, a ce kana karanta yadda mahara ke faɗa wa ƙauye su kora mutane daji, ba za ka ce tarihi ba ne. Wannan ban karanta wa yara ba, sai sun ƙara girma.

Abin da na gane a aikace, wanda ke jiran ya samu lokacin karatu ba zai karanta komai ba, musamman mai sana'ar hannu. Littafin ne zai zauna kusa da kai, nawa yana cikin aljihun keke tare da almakashi da alli, in kwastoma ya ce gani nan zuwa, ka san awa guda ke nan, sai ka buɗe. Takarda kuma ta fi waya a wajena, ba don tsarki ba, don ba ta neman caji kuma ba wanda zai turo maka saƙo ta cikinta. Sannan na daina jin kunyar ajiye littafin da bai yi mini ba, na uwargida da yawa a rabi na bar su, ita ke ba ni ƙarshen labarin in muna cin tuwo, a taƙaice, kuma ya fi daɗi a bakinta.

Aro ne har yanzu ban san yadda zan yi da shi ba. Maƙwabcin shagona mai gyaran waya ya karɓi Magana Jari Ce na biyu tun kafin Maulidi, duk na tambaya sai ya ce oga saura kaɗan, kuma na san ƙaninsa ya ba wa. Na uku kuma dama babu shi a akwatin Baba, na sa wani mai sayar da littattafai a Kurmi ya nemo mini shi tare da Ganɗoki, ya ce in leƙo bayan sati biyu.